Sarkin da ba ya magana biyu: godiya da gaskiya a labaran sarakunan Hindu

Ɗalibin Delhi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya aka yi bikin Dasara a nan, wanda ake ƙona ƙaton mutum-mutumin Rabana mai kai goma, mugun sarkin da jaruminsu Rama ya kashe a labarinsu. Tsohon da nake haya a gidansa ya ja ni muka je kallo. A hanyar dawowa na tambaye shi me ya sa suke girmama Rama haka, alhali jarumai sun yi yawa a labaransu. Sai ya ce ba don jarumta ba ne. Ya ce littafin Ramayana, mai baiti wajen 24,000, da tambaya ya fara: mawallafinsa Balmiki ya tambayi wani waliyyinsu, Narada, ko akwai mutum ɗaya a duniya da ya haɗa wasu halaye goma sha shida. Na huɗu a jerin shi ne godiya, na biyar gaskiyar magana, na shida tsayuwa kan alwashi. Narada ya ce akwai, Rama ne na Ayodiya. To gaskiya dai na gane. Godiyar ce ta ɗaure min kai. Mu a saninmu talaka ke faɗuwa ya yi godiya, dogarai su amsa masa. Sarki kuma wa zai gode wa?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ɗana, karatun haɗa magunguna aka tura ka ko karatun gumaka? Me ya haɗa mu da waɗannan tatsuniyoyin?

Malamin Tarihi: Baban Ummi, a yi haƙuri, ba bauta yaron ya ce mu yi ba. Albiruni ya koyi harshen Sansikirit, ya rubuta littafi guda kan addini da ilmin Indiyawa wajen shekara ta 1030, bai kuma bar Musuluncinsa ba. Kalila wa Dimna da malamanmu ke karantawa ma asalinsa daga Indiya ne, ta Farisa ya bi kafin Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci. Sanin abin da mutane sama da biliyan guda suke kira sarki nagari ba asara ba ne.

Baban Ummi: To Allah ya gafarta Malam, na ja bakina. Amma ina nan, idona biyu.

Malamin Tarihi: Ɗalibi, kalmar da suka yi amfani da ita ita ce kiritagya, ma'anarta a zahiri wanda ya san abin da aka yi. Kishiyarta kiritagna, wanda ya kashe abin da aka yi, wato butulu. Ka ga ba faɗin "na gode" ake nufi ba, riƙe alheri a zuci ake nufi da biyansa. Shi kuwa sarki ya fi kowa cin bashin alheri: wani ya mutu dominsa a fagen fama, wani ya ɓoye shi lokacin da yake gudun hijira, wani ya ba shi shawarar da ta tsirar da gari. Kuma shi kaɗai ne ba mai iya kai shi ƙara in ya manta. An siffanta Rama a littafin da cewa alheri ɗaya tak ya isa ya faranta masa, amma ko sharri ɗari aka yi masa ba ya riƙewa.

Misalin da ya fi tsaya min a rai na ungulu ne. Wani tsohon ungulu, Jatayu, ya tare Rabana lokacin da ya sace Sita matar Rama, suka gwabza har Rabana ya sare masa fukafukai. Rama ya tarar da shi yana gargarar mutuwa. Shi da ƙanensa Lakshmana suka haɗa itace, suka yi masa jana'iza irin ta addininsu, wato ƙona gawa, kamar yadda ɗa ke yi wa uba. Ku tuna Rama bai sami yi wa mahaifinsa wannan ba, yana daji ya rasu.

Maman Walid: Ungulu fa? Ungulun mahauta da muka sani? Lallai. Amma Malam ka tsallake inda labarin ya fi daɗi. Ni na kalli fassararsa, kuma wallahi rikicin gidan mata uku ne tsaf. Sarki Dasharata yana da Kausalya uwargida, uwar Rama, da Sumitra, da Kaikeyi wadda ita ce mowa. Ana gobe za a naɗa Rama magajin gadon sarauta, wata kuyanga mai ƙusumbi, Mantara, ta shiga ɗakin mowa ta hure mata kunne: in ɗan kishiya ya hau, ke da ɗanki kun zama bayi. Duk macen da ta zauna gidan yawa ta san irin wannan mai kai-komon.

Malamin Tarihi: Hajiya kin kawo mu kan gaɓa. Amma da me Kaikeyi ta kama sarki? Da godiyarsa. Shekaru kafin nan an ji masa ciwo a yaƙi ya suma, ita ta janye shi daga fage ta yi jinyarsa. Da ya farfaɗo ya ce ta roƙi abu biyu, ko mene ne. Ta ce a ajiye mata. Ranar da ta tashi karɓa ta ce: a naɗa ɗana Barata, Rama kuma ya tafi dajin Dandaka shekara 14. Sarki ya faɗi, ya yi kuka, ya kama ƙafafunta, ta ƙi. Godiya ce ta haifi alkawarin, gaskiya kuma ta hana a warware shi. Kwanaki kaɗan bayan tafiyar Rama baƙin ciki ya kashe tsohon.

Ɗalibin Delhi: Mai gidan nawa ya karanta min wani layi a daidai wannan wurin, har yana ɗaga yatsa. Wai da Kaikeyi ta yi shakkar ko Rama zai yarda, sai ya ce mata: Rama ba ya magana biyu. Na yi dariya na ce mu ma haka muke faɗa. Akwai kuma baitin Tulsidas, wanda ya sake rera labarin da harshen Awadi a ƙarni na 16, da kusan kowa a arewacin Indiya ya haddace: al'adar gidan Ragu, wato zuriyar su Rama, ce tun fil azal, rai ya tafi amma magana ba ta tashi.

Lauyan Zaure: Ni fa ban ga abin yabo a nan ba. Sarki ya yi wa matarsa alkawarin da ba shi da iyaka, shi ne kuskure na farko. Sannan ya biya bashin kansa da abin da ba nasa ba. Sarauta amanar jama'a ce, mutanen Ayodiya sun riga sun nuna Rama suke so, har suka bi karusarsa suna kuka. Alkawarin da cika shi zai zama zalunci ga wasu, warware shi ne daidai. Ko a fiƙihu wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi alheri, kaffara yake yi ya bi alherin.

Baban Ummi: Yauwa Barista. Yanzu na ji magana.

Malamin Tarihi: Abin sha'awa, Barista, littafin da kansa ya kawo hujjarka, ba sau ɗaya ba. Lakshmana ya fusata ya ce tsoho ya ruɗe a hannun mace, a ƙwace mulki da ƙarfi. Barata, wanda aka yi abin dominsa, ya ƙi gadon, ya bi wansa har dutsen Citrakuta yana roƙonsa ya dawo. A nan wani bafade mai ilmi, Jabali, ya ce wa Rama uba ya mutu, mamaci ba ya cin abinci, ba wata duniya bayan wannan, ya karɓi mulki ya more. Amsar Rama ce ta shafi tambayarka. Ya ce yadda sarakuna suke, haka talakawa ke zama. In shi ya mai da maganar ubansa wasa, kowa a ƙasar zai mai da tasa wasa. A ganinsu maganar sarki ba kayansa ba ce shi kaɗai, ita ce ma'aunin da sauran alkawura ke dogara da shi, na kasuwa, na aure, na sulhu. Kana cewa ya biya da amanar jama'a, shi kuma yana cewa amanar ita ce maganar.

Lauyan Zaure: Hujja ce, amma ba ta gamsar da ni ba. Shekara 14 gari ba sarki.

Maman Walid: Da sarki mana, takalmi! Barata ya karɓo takalman wansa ya ɗora a kan gadon sarauta, shi kuma ya koma wani ƙauye, Nandigarama, yana riƙon ƙwarya, sanye da tufafin masu gudun duniya. Ya ce in wa'adi ya cika Rama bai dawo ba, wuta zai faɗa. Ni a labarin nan kaf shi ne gwanina. 'Yan uba ne fa. A ina ka taɓa ganin ɗan uba an miƙa masa gado ya ce a'a?

Mai Shago: Ku bar ni da zancen butulcin nan, don ya taɓa ni. Yaro na ɗauko daga ƙauye yana ɗan shekara goma sha biyu, ko lissafin canji bai iya ba. Shekara tara yana cin tuwon gidana, na yi masa aure, na sallame shi da jari. Shagon da ya kama yana kallon nawa, ya bi dilolina ɗaya bayan ɗaya da cewa ni ina ha'inci a awo. Yau in mun haɗu a masallaci kansa yake kawarwa. Su Indiyawan me suka ce a yi da irin wannan?

Ɗalibin Delhi: Allah ya huci zuciyarka Alhaji. A nan namak haram suke ce masa, wanda ya ci gishirinka ya ci amanarka. Zagi ne mai nauyi ƙwarai.

Malamin Tarihi: Alhaji, sun tsananta fiye da yadda kake zato. Sugriba, sarkin birai, Rama ya taimake shi ya karɓi mulkin Kishkinda bisa sharaɗin zai taya shi neman Sita bayan damina. Damina ta wuce, Sugriba yana cikin giya da mata ya manta. Aka aika Lakshmana, ya tsaya a gabansa ya ce masana sun ajiye kaffara ga wanda ya kashe Barahmin, wato malamin addininsu, da mashayi, da ɓarawo, da mai karya alwashi, amma butulu ba shi da kaffara.

A Mahabarata kuma, ɗaya babban littafin labaransu, akwai labarin da dattijo Bishma, yana kwance a kan gadon kibau, ya ba wa sarki Yudishtira, cikin dogon darasinsa na sarauta. Wani matalauci, Gautama, ya sauka wurin wani zalɓe mai suna Rajadarma. Zalɓen ya ciyar da shi, ya yi masa fifita da fukafukansa, ya tura shi wurin amininsa sarkin dodanni aka cika shi da zinariya. A hanyar komawa ya sake kwana wurin zalɓen, ya duba ba shi da guzuri, ya kashe shi yana barci ya gasa. Dodanni suka kamo shi suka daddatsa, amma suka ce ba za su ci naman butulu ba. Masu cin naman mutane ma aka kai musu suka ƙi.

Mai Shago: Allahu akbar. Ko dodo yana ƙyamarsa.

Malamin Tarihi: Sai dai ƙarshen ba zai yi maka daɗi ba: da aka rayar da zalɓen, abin da ya roƙa shi ne a rayar masa da abokinsa Gautama.

Mai Shago: To ni ba zalɓe ba ne, Malam.

Anti Likita: Tun ɗazu nake karatu ban ce komai ba. Kowa yana yabon mai godiya, ungulu an yi masa jana'iza, biri Hanuman da ya kawo labarin Sita an rungume shi an ce ba abin da za a iya biyansa da shi. Madalla. Ita Sitan fa? Ba wanda ya kore ta daga fada, ita ta zaɓi bin mijinta daji. Aka sace ta, ta ƙi Rabana duk da barazanarsa. Da aka ci Lanka, birnin Rabana, tukwicinta shi ne miji ya faɗa a gaban runduna cewa yana shakkarta, sai da ta shiga wuta ta fito. Bayan an koma gida, don tsegumin mutanen gari, ya sa aka kai ta daji aka yar tana da ciki. A bukkar Balmiki ta haifi tagwayenta, Laba da Kusha. Ina godiyar take? Ko godiyar sarki ta maza da tsuntsaye ce?

Maman Walid: Faɗa musu, Anti!

Malamin Tarihi: Ba zan kare wannan ba, Likita. Abin da zan iya cewa, masana da yawa suna ganin kashi na bakwai na littafin, inda korar take, daga baya aka ƙara shi, kuma Tulsidas bai sa korar a cikin nasa ba. Wannan kansa ya nuna abin ya daɗe yana damun su. Masu kare shi suna cewa ya fifita sunan sarauta a kan zuciyarsa, bai kuma sake aure ba, mutum-mutuminta na zinariya ya sa aka ƙera yake ajiyewa a gefensa wurin ibada.

Anti Likita: Zinariya ba ta reno, Malam. Kuma ya san ba ta da laifi. Wanda ya san gaskiya ya bi tsegumi, ban san wace irin gaskiyar magana ke gare shi ba. Na fi ganin girman amsarta a ƙarshe: da aka ce ta sake rantsuwa a bainar jama'a, ta roƙi ƙasa ta tsage, ta shige.

Lauyan Zaure: Ga kuma Bali, wan Sugriba, da Rama ya harbe daga maɓoya yana tsakiyar faɗa da wani. Ɗaya daga hujjojin da ya ba shi yana mutuwa ita ce ya riga ya yi wa Sugriba alkawari. Kun ga matsalata? Kullum wani ne ke biyan kuɗin alkawarin. Haka Harishcandra, wanda suke kira sarkin gaskiya. Ya ba waliyyi Bishwamitra mulkinsa, aka ce da sauran cikon sadaka, ya je Banaras ya sayar da matarsa da ɗansa, ya sayar da kansa ga mai kula da wurin ƙona gawa. Ɗan ya mutu da saran maciji, uwar ta kawo gawar, a yadda ake nuna shi a wasan kwaikwayo ya ce sai ta biya kuɗin ubangidansa. Wannan gaskiya ce ko taurin kai?

Ɗalibin Delhi: Amma Yaya Barista, wannan labarin ne Gandhi ya rubuta cewa ya kalla yana yaro ya hana shi sakat, yana tambayar kansa me zai hana kowa ya zama mai gaskiya kamar Harishcandra. Gwagwarmayarsa ma satyagiraha ya kira ta, riƙo da gaskiya. Fim ɗin Indiya na farko mai cikakken tsawo, na Dadasaheb Phalke a 1913, labarin sarkin nan ne. Kuma a jikin kuɗinsu da fasfo, ƙarƙashin zakunan Ashoka na tambarin ƙasar, an rubuta Satyameba Jayate, gaskiya ce kaɗai ke nasara, taken ƙasarsu tun 1950. Ina da takardar rupi a aljihuna yanzu haka.

Lauyan Zaure: Rubutu a jikin kuɗi ba wuya, ƙanena. Kowace ƙasa tana da nata.

Malamin Tarihi: Barista, su ma ba duka suka tafi a kan gaskiya ko ta halin ƙaƙa ba. A Mahabarata Kirishna, ɗaya daga allolinsu, ya ba da labarin Kaushika, mai ibadar da ya yi alwashin ba zai taɓa ƙarya ba. Mutane suka gudo suka ɓuya kusa da shi, 'yan fashi suka tambaye shi, ya nuna wurin, aka kashe su. Wuta ya shiga saboda wannan gaskiyar. Sannan akwai Artashastra na Kautilya, littafin dabarun mulki da aka sake gano rubutunsa a Maisur a 1905. Mutum ne da ya cika littafinsa da 'yan leƙen asiri masu shigar masu ibada, da guba, da haɗa abokan gaba faɗa. Amma da ya zo lissafa halayen sarki, ya sa gaskiyar magana, da rashin saɓa alkawari, da godiya, cikin rukunin halayen da ke sa mutane su kusanci sarki. Shi lissafi yake yi: sarkin da ba ya tuna alheri ba mai sayar masa da rai, wanda maganarsa ke tashi ba mai ƙulla sulhu da shi.

Lauyan Zaure: To wannan na yarda da shi, don bai yi min wa'azi ba.

Baban Ummi: Ashe dai duk abin da suke ta zagaye a kai, mu an gama mana shi a taƙaice. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Alamar munafuki uku, ciki har da ƙarya da saɓa alkawari. Amma ina da tambaya, tunda na zauna har yanzu. Duk sarakunan nan ba wanda ya taɓa yin ƙarya ko sau ɗaya?

Malamin Tarihi: Akwai, kuma shi ne wanda ya fi kowa suna da gaskiya. A yaƙin Kurukshetra na kwana 18, an rasa yadda za a yi da Dorona, malamin da ya koya wa ɓangarorin biyu harbi. Aka san in ya ji ɗansa Ashwatama ya mutu zai ajiye makami, kuma bakin Yudishtira kaɗai zai yarda da shi. Sai Bima, ƙanen Yudishtira, ya kashe wata giwa mai wannan sunan. Dorona ya tambaya, Yudishtira ya ce da ƙarfi Ashwatama ya mutu, ya ƙara "giwa" ƙasa-ƙasa yadda ba za a ji ba. Malamin ya zubar da makamai, aka sare masa kai. Littafin ya ce kafin ranar karusar Yudishtira ba ta taɓa ƙasa, tana sama da ita da faɗin yatsa huɗu. Yana rufe baki ta sauka.

Anti Likita: Ga shi kuwa kowace kalma da ya faɗa gaskiya ce. Kuma malaminsa ya yi wa. Ya haɗa biyun ke nan, ƙarya da butulci.

Malamin Tarihi: Ba a yafe masa ba kuwa, sai da aka leƙa da shi wuta na ɗan lokaci a ƙarshen littafin. Amma kafin nan akwai kare. Da ya bar mulki ya hau duwatsun Himalaya da ƙannensa huɗu da matarsu Daraupadi, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai shi da wani kare da ya biyo su tun daga gari. Indira, sarkin allolinsu, ya zo da karusa ya ce ya hau zuwa aljanna, amma ba wurin kare. Ya ce in haka ne ya fasa, ba zai yar da wanda ya bi shi da amana ba. Aka yi ta ja-in-ja bai sauya ba. Daga baya karen ya rikiɗe, ashe Darma ne, allan adalci a wurinsu kuma ubansa, yake jarraba shi.

Mai Shago: Kare ya bi mutum har Himalaya, ni kuwa nawa titi kawai ya tsallaka.

Maman Walid: Alhaji ka sa ni dariya har Walid ya farka. Ɗalibi, gobe ka tambayo mana mai gidan naka maganar Anti Likita, mu ji me tsohon zai ce game da Sita.

Ɗalibin Delhi: Matarsa zan tambaya, Hajiya. Ranar da muka dawo daga kallon, yana cikin yabon Rama ta ajiye masa kofin shayi da ƙarfi har ya fantsalo masa a riga, ta ce wani abu da Hindi da ban kama ba, shi kuma ya yi shiru. Ƙarfe ɗaya ta wuce a nan, ina da darasi da safe. Sai da safenku.